Tikitin Jirgi "Na Kyauta": Wa Ke Biyan Kuɗinsa, Kuma Ina Hanyar Ɗan Batsari Da Safana?

Duk ɗalibin da ke leƙa TikTok ko Facebook, ko da a wayar yayansa ce, zai yi wuya bai taɓa cin karo da irin wannan bidiyon ba. Wani matashi ne a cikin jirgin sama, ya miƙe ƙafa a kan kujerar da ke komawa gado, an jera masa abinci a gabansa, yana murmushi yana cewa daga Amurka ya taso zai sauka Dubai, kuma 'yan daloli kaɗan kawai ya biya. Sauran kuɗin, in ji shi, da maki ya biya, makin da katin bankinsa ya tara masa.

Tambayar da ke zuwa zuciyar mai kallo ita ce: shin gaskiya ne? Eh, galibi gaskiya ne. Ana yin haka, kuma dubban mutane na yi kowace rana. Sai dai bidiyon na daƙiƙa talatin ba ya faɗa maka wanda ya biya kuɗin kujerar, ko nawa matashin ya kashe kafin makin ya taru, ko dalilin da ya sa dabarar ba za ta yi aiki yadda take ba ga mai zaune a Ruma, ko Wagini, ko Runka, ko Zakka. Ya kamata ku san waɗannan tun yanzu, domin nan da shekara biyu ko uku da yawanku za ku buɗe asusun banki na farko, kuma masu tallar bashi da 'yan damfara suna nan suna jiran ku.

Asalin abin gyara ce

Wanda ya taɓa bin mahaifinsa kasuwar Batsari ranar Alhamis ya san gyara. Ka sayi tiya biyar ta gero, mai awo ya ƙara maka ɗan tafi guda. Ka sayi kashin dankali, a ɗora maka biyu a kai. Mai kayan bai yi asara ba, domin ya riga ya sa gyarar cikin lissafinsa. Abin da yake nema shi ne mako mai zuwa ka wuce sauran 'yan kasuwa ka dawo wurinsa.

Kamfanonin jiragen sama ma gyarar suka ƙirƙiro. A 1978 gwamnatin Amurka ta sakar wa kamfanonin jiragenta mara, kowa ya sa farashinsa ya nemi fasinjansa, sai gasa ta yi zafi. A 1981 kamfanin American Airlines ya fito da shirin da ya kira AAdvantage: duk mil ɗin da ka yi a jirginsu za a rubuta maka, in ya taru a ba ka tikiti. Sauran kamfanoni suka bi sahu nan da nan. Shi ya sa har yau ake kiran makin da sunan mil, ko da ba a sama aka same shi ba.

A 1987 aka ƙara wani mataki. Kamfanin ya haɗa kai da bankin Citibank suka fitar da katin da ke ba mutum mil a kan sayayyar yau da kullum. Daga nan ba sai ka hau jirgi ba. Ka sayi mai, ka sayi abinci, ka biya kuɗin wuta da katin, maki na shigowa.

Ba irin katin da ke aljihun babanka ba ne

Nan ne mutane da yawa ke rikicewa. Katin da muka sani, wanda ake miƙa wa mai POS a tasha ko a bakin kasuwa, katin cirar kuɗi ne. Kuɗinka ne da ke asusunka kake taɓawa. In babu komai a ciki, na'ura ta ƙi.

Katin da ake magana a bidiyon kuwa katin bashi ne. Banki ne ke biyan mai shago a madadinka, ƙarshen wata ya aiko maka da lissafi. In ka biya duka a kan lokaci, shi ke nan. In ka bar saura, sai kuɗin ruwa ya fara hawa. Irin wannan kati ya samo asali ne daga Diners Club a birnin New York a 1950, sannan Bank of America ya fitar da nasa a 1958, wanda daga baya ya zama Visa. A Amurka yawancin manya suna da shi. A Najeriya kuwa 'yan ƙalilan ne ke riƙe da shi, galibi masu albashi mai kauri a manyan birane, domin banki ba ya ba ka sai ya tabbatar da hanyar samun kuɗinka.

To, wa ke biya?

Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Banki ba ya buga makin nan a ɗakinsa, sayen sa yake yi daga kamfanin jirgi da kuɗi tsaba. Kamfanin Delta na Amurka ya samu kusan dala biliyan 7 a shekarar 2023 kaɗai daga yarjejeniyarsa da American Express. A 2020, lokacin da korona ta ajiye jirage a ƙasa, kamfanin United ya ranci dala biliyan 6.8, kuma abin da ya ba da jingina shi ne shirinsa na maki. Wato masu ba da rance sun ga shirin a matsayin dukiya mai tsayayyen samu.

Bankin kuma yana mayar da kuɗinsa ta ƙofa uku. Ta farko ita ce mai shago. Duk lokacin da aka biya shi da katin bashi, ana yanke wani kaso, a Amurka kimanin kashi 2 cikin 100 ko fiye. Mai shago ba zai ɗauki asarar ba, sai ya ƙara ta a kan farashi, kowa ya biya, har da talakan da ya zo da kuɗi a hannu bai samu maki ko ɗaya ba. Tarayyar Turai ta ga haka, a 2015 ta taƙaita wannan kaso zuwa 0.3 cikin 100 a katin bashi, shi ya sa katunan Turai ba su kai na Amurka yawan maki ba.

Ƙofa ta biyu kuɗin shekara ne. Akwai katin da ake biya wa dala 95 a shekara don riƙe shi kawai, akwai na ɗaruruwan daloli.

Ƙofa ta uku ita ce mafi girma, wato kuɗin ruwa. A 'yan shekarun nan ruwan katin bashi a Amurka ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara, kuma a 2023 bashin da ake bin Amurkawa a kan waɗannan katuna ya wuce dala tiriliyan 1. Ma'ana, wanda ya kasa biyan bashinsa a kan lokaci yana cikin waɗanda suka saya wa wancan matashin kujerarsa mai komawa gado.

Yadda gwanayen abin ke yi

Masu cin ribar tsarin suna da dabaru sanannu. Babbar cikinsu ita ce garaɓasar maraba. Banki ya ce in ka buɗe sabon kati ka kashe, misali, dala 4,000 cikin wata uku, za a ba ka maki 60,000 a dunƙule. Sai su tattara duk sayayyar gida a kan katin har su cika sharaɗin, su kuma biya bashin kafin ruwa ya hau.

Dabara ta biyu ita ce sanin ƙawancen kamfanoni. Ethiopian Airlines, da Turkish Airlines, da EgyptAir, da United duk suna cikin ƙungiya ɗaya mai suna Star Alliance da aka kafa a 1997. Qatar Airways, da British Airways, da Royal Air Maroc suna cikin Oneworld. Makin da ka tara a wurin ɗaya za ka iya hawa jirgin ɗan'uwansa da shi, kuma sau da yawa kujera guda ta fi araha in ka bi ta wani ɗan ƙungiyar.

Ta uku ita ce haƙuri. Kujerun da ake warewa don masu maki kaɗan ne, musamman lokacin hutu da bukukuwa. Wasu tun wata goma sha ɗaya kafin tafiya suke kama kujera, su kuma yarda su tashi ko wace rana aka samu. Duk da haka sai sun biya haraji da ƙarin kuɗin da kamfani ke ɗorawa, wanda a wasu hanyoyin yakan kai ɗaruruwan daloli. Sannan kamfani na da ikon wayar gari ya ce tikitin da jiya yake maki 60,000 yau ya koma 80,000, ba wanda zai kai shi ƙara.

Labarin da aka fi bayarwa a wannan fage shi ne na wani injiniya ɗan jihar Kalifoniya mai suna David Phillips. A 1999 kamfanin abinci na Healthy Choice ya yi tallar cewa duk wanda ya aiko da tambarin kayansu guda 10 za a ba shi mil 500, in ya aiko da wuri kuma a ninka masa. Phillips ya gano wani shago na sayar da ƙaramin kofin kayan zaƙinsu a kan santi 25 kacal, kowane kofi da tambarinsa. Sai ya bi shagunan ya kwashe kofi 12,150. Da aikin ɓare tambarin ya fi ƙarfinsa, ya ba wata ƙungiyar agaji kayan sadaka, su kuma suka taya shi ɓarewa. Ya kashe dala dubu 3 da 'yan kai, ya samu mil sama da miliyan 1 da dubu 200. Abin lura, ba kati ne ya ba shi nasara ba. Karanta sharuɗɗa ya yi da kyau, ya zauna ya buga lissafi.

Mu ma mu buga namu lissafin

Ku ɗauko biro. A ce tikitin zuwa da dawowa na doguwar tafiya, a kujerar gama-gari, yana cin maki 60,000, kuma katin na ba da maki 1 a kan kowace dala. Ke nan sai an kashe dala 60,000. In muka ƙaddara dala a kan naira 1,500 don sauƙin lissafi, naira miliyan 90 ke nan. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne a wata. Mai wannan albashi, ko da duk sisinsa ta kati yake kashewa, sai ya yi shekara sama da 100 kafin ya tara tikiti ɗaya.

Ko garaɓasar maraba ma, dala 4,000 cikin wata uku naira miliyan 6 ce. A ce kuma mutum ya kashe kuɗin ya kasa biya har shekara ta zagayo. Ruwan kashi 20 cikin 100 zai ci masa dala 800, kusan darajar makin gaba ɗaya. Ya sayi tikitinsa da kuɗinsa ke nan, ga bashi a wuya.

Akwai kuma matsalar canji. A 2022 bankunan Najeriya da dama sun rage abin da za a iya kashewa a ƙasar waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya suka tsayar da shi ɗungurungum, sai a 2025 wasu suka dawo da shi. A ƙarshen 2022 kamfanin Emirates ya daina zuwa Najeriya saboda kuɗinsa da suka maƙale a ƙasar, bai dawo Legas ba sai Oktoban 2024. Wanda ya tara makinsa a can, kusan shekara biyu ba jirgin da zai hau daga gida.

Ga Musulmi kuma akwai batun da ya fi duk waɗannan nauyi. Kuɗin ruwa riba ne. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na birnin Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a fitar da katin bashi mai sharaɗin ruwa ko a yi mu'amala da shi ba, ko da mai katin ya ƙudurta zai riƙa biya kafin ruwan ya hau. Wannan magana ce da ya kamata ku kai wa malaman Islamiyyarku su faɗaɗa muku bayani, tun kafin wani ma'aikacin banki ya miƙo muku fom.

Abin da ke aiki a nan gida

Wannan ba ya nufin ɗan Safana ba shi da rabon hawa jirgi. Hanyoyin ne dabam.

Ta farko, gyarar asali tana nan, kuma ba ta buƙatar bashi. Kamfanonin da ke tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano suna da shirinsu, kuma rajista kyauta ce: ShebaMiles na Ethiopian, Privilege Club na Qatar Airways wanda ya fara zuwa Kano a 2022, da EgyptAir Plus. In kana da kawu ɗan kasuwa mai zirga-zirgar Dubai ko Guangzhou, ko yaya mai karatu a Alƙahira, ko kakar da ke zuwa Umara, tambaye su ko suna ba da lambar rajistarsu lokacin sayen tikiti. Da yawa ba sa yi, mil ɗinsu na tafiya a banza. Ɗalibin da ya iya karanta Turanci zai iya buɗe musu asusun cikin 'yan mintoci. Sharaɗi biyu kawai: sunan ya zama daidai da na fasfo harafi da harafi, a kuma duba wa'adin makin, domin yakan mutu in an bar shi ya daɗe.

Ta biyu ta shafi doguwar tafiyar da kusan kowane gida a yankinmu ke buri, wato aikin Hajji. Kakanninmu ta ƙasa suke bi, ta Borno da Chadi da Sudan, suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri, wasu su shekara da shekaru kafin su ga Ka'aba. Yau jirgi na ɗaukar maniyyata daga filin Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina ya sauke su ƙasa mai tsarki cikin 'yan sa'o'i. Amma ba a biyan kujerar Hajji da maki, domin kuɗin dunƙule ne da ya haɗa jirgi, da masauki, da abinci, da guzuri, kuma ta hannun hukumar jin daɗin alhazai ake biya. A 2023 kujera ta kai kusan naira miliyan 3, a 2025 ta haura miliyan 8.

Abin da ya yi kama da tara maki a nan shi ne adashin gata na Hajji, wanda hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta ƙaddamar a Kano a watan Oktoban 2020 tare da bankin Jaiz. Mutum na zuba abin da ya samu kaɗan-kaɗan, banki ya juya kuɗin ta hanyar da babu ruwa, a raba riba. Daga Malesiya aka koyo tsarin, inda asusun Tabung Haji ke wannan aiki tun 1963. Bambancinsa da katin bashi a fili yake. A can kana kashewa ne don a ba ka lada. A nan kana adanawa ne, kuma kuɗin naka ne. Sai dai yadda farashin kujera ya ninka kusan sau uku cikin shekara biyu ya nuna cewa faɗuwar darajar naira na iya tsere wa mai tari, don haka sai da dagewa.

Makin da ya fi kowane maki

Hanya ta uku ita ce taku kai tsaye. Akwai maki ɗaya da ɗalibin sakandare ke tarawa kullum wanda yake sayen tikitin jirgi da gaske: makin jarrabawa. Tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya yana ba ɗalibin da ya ci tikitin zuwa da na dawowa, da kuɗin makaranta, da masauki, da alawus na wata-wata, da shekara guda ta koyon harshe. Ana buɗe nema a farkon shekara, kuma mai neman digiri na farko sai ya kasance ƙasa da shekara 21 da sakamakon aƙalla kashi 70 cikin 100, likitanci kuwa kashi 90. Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, ta daɗe tana ɗaukar 'yan Arewa tana biya musu jirgi. Gwamnatin jihar Katsina a ƙarƙashin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta tura ɗaliban da suka fito daga makarantun gwamnati karatun likitanci a Masar, wasu kuma ta tura su China.

Kowa ya san karatu a Batsari da Safana ba wasa ba ne. Matsalar tsaro a gefen dajin Rugu ta raba iyalai da garuruwansu, ta katse wa yara da yawa zango, a 2021 ma har layukan waya aka rufe na tsawon watanni. Amma wanda ya jure ya fito da sakamako mai kyau a WAEC ko NECO, takardarsa ɗaya take da ta ɗan Abuja a gaban masu tantancewa. Abin da ke kayar da mutane da yawa ƙaramin abu ne: suna ya bambanta tsakanin takardar haihuwa, da lambar NIN, da takardar jarrabawa. Wani wuri Muhammad, wani wuri Mohammed, wani wuri an sa sunan gari. Ku gyara wannan tun kuna aji huɗu ko biyar, kafin a yi muku rajistar jarrabawar fita.

A yi hattara da masu tallar araha

Inda duk ake maganar kyauta, 'yan damfara na kusa. Za ku ga saƙo a WhatsApp cewa wani kamfanin jirgi na rabon tikiti don bikin cika shekaru, a latsa nan a tura wa mutum ashirin. Za ku ga mai cewa yana da maki zai sayar muku da tikitin Saudiyya a rabin kuɗi. Yawancin kamfanoni sun haramta cinikin maki ta bayan fage, kuma in suka gano suna iya soke tikitin ana gab da tashi. Wani lokacin ma makin na sata ne daga asusun wani. Ba banki ko kamfanin jirgin da zai kira ka ya nemi lambar sirrin katinka, ko BVN, ko lambar da aka turo maka ta saƙon waya. Duk wanda ya nema ɓarawo ne, ko da muryarsa ta fi zuma zaƙi.

Haka manhajojin ba da rance a waya, masu cewa ka karɓa yanzu ka biya daga baya. Wasunsu in ka makara sai su bi lambobin da ke wayarka suna aika wa 'yan'uwa da malamanka saƙon cin mutunci, har sai da hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta ƙasa ta kai wa wasunsu samame a 2022.

Saboda haka, duk ranar da aka ce maka ga kyauta, ko tikiti ne, ko garaɓasar data, ko rance, yi tambaya uku kafin ka miƙa hannu. Wa ke biyan kuɗinta? Nawa zan kashe kafin in same ta? Me zai faru in na kasa cika sharaɗi? In mai tallar ya fara kame-kame a kan ta uku, ka mayar da wayarka aljihu.